Ruwan da Na Kai Basirka

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Wadda ta zo sayen zoɓo sai ta tsaya, wadda ta zo aron turmi sai ta nemi wuri ta zauna, kowa da tambayarta: "Larai, yaya Basirka? Da gaske har da tsofaffi aka yi gudun? Me aka ba ku?" Na gaji da cewa lafiya lau. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta nan. Amma kada kowa ta gyara zama don dariya, ban dawo da ita da yawa ba.

Ƙungiyar matasan can ce ta shirya tseren gudu, wai don a janye hankalin samari daga shaye-shaye. Suka aiko wa ƙungiyarmu ta matan unguwa a nan Birnin Kudu, suna neman masu raba ruwa a hanya, aikin Allah, ba biya. Ana gama faɗar saƙon kowa ta sunkuyar da kai tana gyaran mayafi, ni kuwa na ɗaga hannu. Tabawa, ƙawata tun muna 'yan mata, ta harare ni ta ce, "Ke da gwiwa ke hana ki zuwa kasuwa?" Sai kuma ta tuna, ta ɗaga nata hannun.

Abin da ta tuna yawancinku kun sani, amma bari in faɗa saboda waɗanda suka zo unguwar nan daga baya. Ɗana na fari a can yake. Ranar da aka yaye shi, yayar Malam mijina, Yaya Hajara, ta zo ta goya shi ta tafi da shi kamar yadda aka saba, ko leƙowa daga ɗaki ban yi ba. Ita yake kira Inna, ni kuwa Yaya. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Ko ɗan maƙwabta mai irin sunan, Mai Suna nake ce masa. Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka na tashi na gani. Da ya girma ya faɗa shan ƙwaya, abin ya kai har aka ɗaure shi a turke a tsakar gida, mutanen gari suna leƙe ta saman katanga. Ni ina nan ina dafa zoɓo, in an ɗauko zancensa in tashi in ba da wuri. Allah ya sa ya daina. Ya kama gudu da asuba a bayan gari, suka ce haukan ne ya sake salo. Bara Yaya Hajara ta rasu, ya rage shi kaɗai a gidan.

Ta bakin ƙanwarsa na ji zai shiga tseren. Ya ce mata ba abin da yake so a duniya sai ya zo na ɗaya, a kira sunansa a lasifika a gaban mutanen da suka gan shi a ɗaure. Ni ba ni da bakin da zan ce zan je ganin sa. Amma raba ruwa ai ba abin kunya ba ne.

Da na nemi izini wurin Malam, bai ɗago daga littafin da yake dubawa ba. Ya ce, "Basirka?" Na ce e. Ya ce, "Raba ruwa?" Na ce e. Ya juya shafi, sannan ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya sani, na san ya sani, muka bar ta a haka.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka je tasha. Wani Alhaji ya ba da gudummawar ruwan leda ɗauri-ɗauri, aka ce mu tafi da shi, tare da jajayen tutoci da rigunan masu aiki. Kwandasta ya jera ruwan a saman bas, sannan don rashin tunani ya ɗora gadon ƙarfe na wata amarya a kai, ya ja igiya iya ƙarfinsa. Na yi magana, ya ce, "Inna, ke dai shiga ki zauna, mun saba." Ba mu yi nisa da gari ba ruwa ya fara tsiyaya ta taga, a kan kafaɗar Tabawa. Duk ramin da muka faɗa sai ka ji leda ta fashe a sama. Tabawa ta ce wa direba, "Malam, damina ta wuce a ko'ina sai a motarka." Aka tsaya aka sauke gadon, amma an makara, kusan rabin ruwan ya tafi.

Kusa da ni wani dattijo ne, tsohon soja, ana ce masa Baba Sajan. Ya riƙe takalman roba a cinya ya ƙi yarda a sa masa su cikin kaya. Na ɗauka na jikansa ne, ashe nasa ne, shi ma gudun za shi. Na ce, "Baba, da wannan furfurar?" Ya ce jikansa ne ƙwaya ta kashe, an tsince shi a wani kango, shi ya yi masa wanka da hannunsa. Ya ce ba cin tsere za shi ba, so yake samari su gan shi su ji kunya. Daga nan ya tambaye ni ko ina da ɗa a cikin masu gudun. Na ce ruwa kawai na kawo.

Inda ƙasar Birnin Kudu ta ƙare aka shiga ta Gwaram, muka tarar da shinge, gungumen itace da ƙusoshi, da wasu mutane a gindin bishiya. Ɗaya ya leƙo ya ga jajayen tutoci ya ce taron siyasa za mu, kuma ba a sanar da su ba. Direba ya yi bayani, Baba Sajan ya yi, mutumin ya ƙi fahimta. Wai don me mutum zai yi gudu ba abin da ya biyo shi? Ya dubi Tabawa, da jikinta kun san shi, ya ce, "Hajiya, ke ma gudun za ki yi?" Ta ce, "In ka cire itacen nan ka gani." Sai da aka sauke musu ɗauri guda na ruwan da ya rage sannan suka gane ba siyasa ba ce.

A tashar Gwaram muka yi la'asar, muka ci masa da ƙuli. Masar tasu ta fi tamu tsami, sun kuma fi mu sakin hannu da yaji. Daga nan muka sake wata motar, wadda sai an tura take tashi. Damina ta cinye gefen hanyar, wani wurin sai fasinja sun sauka sun taka. Ana ta yankan dawa hagu da dama. Ni dai ban kalli komai sosai ba, kowane saurayi na hango a gefen titi sai in zaci ɗan nawa ne.

Malam Nuhu, malamin makaranta, shi ne shugaban shirin, shi ya tarye mu a Basirka ya kai mu gidan mahaifiyarsa, Hajiya Kulu. A hanya muka bi ta bayan katangar marigayiya Yaya Hajara. Ruwa ya zubar da wani ɓangarenta, an toshe da kara. Na ja mayafi na ƙara sauri.

Mutanen gidan suna da kirki, ba zan ci amanarsu ba. Sai dai al'adarsu daban. Mu a nan in baƙuwa ta zo, a kwano ɗaya za mu sa hannu da ita, ana ci ana hira. Su kuwa sai su kai miki abinci ɗaki, su saki labule su fita, wai kada ki ji kunyar cin ki ƙoshi. Tuwon dawa ne da miyar karkashi, kanwa ta yi yawa har tana kama harshe. Muka ci mu biyu kamar masu takaba.

Kafin magariba muka fito tsakar gida, mata sun taru suna ta dariyar maza da gajeren wando. Hajiya Kulu ba ta gane ni ba, don ranar gaisuwar mutuwar Yaya Hajara cikin taro na zo, na koma a ranar. Tana tsinke zogale ta ce, "Har da na gidan marigayiya Hajara, ɗan ƙwayar nan, wai shi ma zai yi. An ce ba mai kamo shi. To, Allah ya sa da gaske ya shiryu. Yaron abin tausayi. Uwarsa an ce tana can wajenku, ko leƙo shi ba ta yi. Kun san ta?"

Tabawa ta buɗe baki, na mintsine ta a cinya. Na ce, "Garin da girma, Hajiya." Wallahi da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ba a jima ba aka ce ana sallama da baƙi a zaure. Na ji muryar na gane ta ɗan nawa ce, ashe ƙanwarsa ta gaya masa na zo. Na ce Tabawa ta je. Ni na tsaya bayan zana inda ba zai gan ni ba. Ya kawo rake da 'yar kaza. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi jikin Malam. Da zai tafi ya ce, "Gwaggo Tabawa, a ce wa Yaya ta sa ni a addu'a. Gobe nake so a san ni ba na da ba ne." Da Tabawa ta dawo da kazar, Hajiya Kulu ta dube ni, ta dubi kazar, ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta sake haɗa ido da ni ba har muka bar gidan.

Da sassafe aka raba mu wurare. Mu aka kai wata mararraba a bayan gari, wajen da masu gudu za su karya hagu su bi ta cikin gonaki su koma filin makaranta. Wanda ya miƙe kuwa, hanyar ƙasar Bauci ya kama. Aka ajiye mana tebur da kofuna, da wani magidanci, Ɗan'azumi, mai riƙe jar tuta yana nuna hanya. A wata gona kusa da mu an kunna injin casar dawa, ko maganar juna sai mun ɗaga murya.

Ɗan'azumi ya dubi ruwan da muka iso da shi ya ce ba zai kai ko'ina ba. Ya ce akwai famfo a ƙauyen da ke gaba, bari ya ɗauki Tabawa a babur da jarkoki su ɗebo. Na ce kada fa su iso ba ka nan. Ya ce, "Haba Inna, ai ko hura usur ba a yi ba tukuna. In ma wani ya zo, ɗaga wannan kawai za ki yi ki nuna hagu." Ya danƙa mini tutar suka tafi.

Ashe an riga an hura. Ƙurar babur ɗinsu ba ta gama kwantawa ba na hango mutum ɗaya tafe, shi kaɗai, ba kowa a bayansa har iya ganina. Tun daga nesa na gane tafiyar, irin ta Malam ce lokacin yana da ƙarfi, kafaɗar dama ta ɗan karkace.

Ku saurara, don nan ne wurin. Ban yi niyyar komai ba. Jikina ne ya yi abin da ya saba tun ranar da aka haife shi. Ina ganin ya matso, sai na tsinci kaina na juya baya, na ja mayafi, ina gyara kofunan da ba abin da ya same su, tutar tana rataye a hannuna tana kallon ƙasa. Shi ma da ya gane ni ce, ya sunkuyar da kai kamar yadda aka koya masa, ya kawar da fuska, ya ƙara wuta don ya wuce ni da sauri. Ya miƙe.

Da na juyo ya riga ya bar mararrabar. Na ce, "Kai!" Na ce, "Kai yaron nan!" Na bi shi da gwiwar nan tawa ina kaɗa tuta. "Bawan Allah! Malam! Ba nan ba ne!" Injin casa yana ta ruri. Na san abu ɗaya ne zai ratsa ƙarar nan ya juyo da shi, don mutum ko a kasuwa yana jin sunansa. Sunan ya taso mini har maƙogwaro. Na buɗe baki, na rantse muku na buɗe. Harshena ya ƙi. Ba kowa a wurin, ba surukai, ba mai yi mini dariya, daga ni sai Allah sai kara, amma ya ƙi fita. Ina tsaye ina kallon bayansa har hanya ta lanƙwasa da shi.

Sai ga sauran sun ɓullo, su uku a jere. Su kam na ɗaga musu tuta tun daga nesa, na nuna musu hagu da kyau. Suka karya suka wuce.

Da Ɗan'azumi ya dawo na gaya masa, ya yi salati, ya sauke jarkoki ya bi shi. Tabawa ta harare ni. Ta ɗaura ɗamara ta fara cika kofuna, ni ina miƙawa, don jama'a sun fara isowa da yawa.

Kun tambaye ni me ake samu a irin wannan aikin. Zan faɗi gaskiya, akwai abin da ake samu. Mutum ya iso gabanki numfashinsa na fita da ƙyar, leɓensa ya bushe, ba ya ko iya sallama, ki miƙa masa ruwa ya karɓa da hannu biyu. Wani malami mai tumbi ya durƙushe yana amai, na riƙe masa goshi, na zuba masa ruwa a ƙeya, ya tashi ya ce, "Inna, Allah ya shayar da ke ruwan Alkausara." Wani ƙaya ta shige masa ƙafa, na cire masa da allurar mayafina. Wasu 'yan mata 'yan makaranta da hijabansu suka wuce suna haki suna dariya. Tun da nake sayar da zoɓo ban taɓa shan addu'a irin ta safiyar nan ba. Da wata rana ce da na yi farin ciki. Amma kowane "Allah ya saka, Inna" sai in ji kamar da gangan ake faɗa mini.

Ɗan'azumi ya dawo shi kaɗai. Ya ce ya cim masa har ya kusa shiga ƙasar Bauci, yana ta gudu yana murna ba mai bin sa. Da ya gaya masa ya saki hanya, yaron ya tsaya ya dafa gwiwa. Ya ce masa ya hau babur ya maido shi mararraba, yaron ya ƙi, ya ce in ya hau za a ce ɗan ƙwaya ya yi maguɗi. Da ƙafa zai dawo.

Rana ta ɗaga, hanya ta yi fayau. Masu casa suka kashe injinsu suka tafi karin kumallo. Baba Sajan ya iso yana jan ƙafa, ya sha ruwa ya wuce. A bayansa kaɗan sai ga yaron, ta hanyar Bauci ya fito, rigarsa ta manne da jiki, gudun ya koma sassarfa. Tabawa ta ɗauki kofi za ta miƙa masa, sai ta fasa, ta ajiye shi a gabana, ta tafi wai za ta wanke jarka.

Na ɗauka na miƙa. Ya ɗan rusuna ya karɓa. Tun ranar da aka yaye shi bai sha komai daga hannuna ba sai ran nan. Yana cikin sha iska ta kawo mana ƙarar lasifika daga filin makaranta, ana kiran na ɗaya, ana tafi, ana kiran na biyu. Ya sauke kofin daga bakinsa ya saurara har aka gama. Ni ina kallon ƙafafunsa, wani farce ya fita, jini ya ɓata takalmin.

Na ce, "Na yi ta kira." Muryata ma ban gane ta ba.

Ya ce, "Na ji kamar ana kira, Yaya. Ban san da ni ake ba."

Ba faɗa, ba ɓata rai. Ya shanye ruwan, ya ɗauraye kofin ya kife a tebur. Ya ce, "Hagu ko?" Na ɗaga tutar. Ya bi ta cikin gonaki, ya je ya gama lokacin ana kwashe kujeru. An ce wasu a bakin fili suna cewa ai dama an faɗa, wanda ƙwaya ta taɓa ko hanya ba ya ganewa. Na je na gaya wa Malam Nuhu laifina ne, a gaban mutane na faɗa. Ya ce ayya, Allah ya ƙaddara, an riga an raba kyaututtuka. Ya ba ni riga da takardar godiya, suna nan cikin akwati ga mai son gani.

Da la'asar muna tasha muna jiran mota ta cika, sai ga yaron ya zo da silifa, yana ɗingishi. Ya ɗora mana kayanmu, ya gaishe da Tabawa, sannan ya zagayo ta tagar da nake. Ya tsaya gefe, yana kallon tayar mota. Ni ina kallon kujerar gabana.

Ya ce, "Malam Nuhu ya ce za a sake baɗi. Zan shiga in da rai."

Na ce, "Allah ya kai mu."

Yana nan tsaye har direba ya ta da mota. Sannan ya ce, "In za ki zo, Yaya, ki ce su sa ki a wajen gamawa. Can ba sai kin kira kowa ba."

Na ce to. Mota ta ja, muka kamo hanyar Birnin Kudu.